Shafi Arba'in da Takwas

An gano ɓarnar ne kwana kaɗan bayan damina ta ɗauke a Yangon, lokacin da masu tara tsofaffin littattafai ke fito da kayansu su sha iska a inuwa kafin fumfuna ta cinye su. Saya U Nyan Wa, tsohon malamin Turanci da kowa ke kira Saya, wato Malam, yakan mai da tasa ranar kamar biki. Matarsa Daw Pyone ta dafa mohinga, wato taliya da romon kifi, abokai su zo, a buɗe kabad bakwai ɗaya bayan ɗaya. Na bakwai kowa a tsaye yake idan za a buɗe shi.

A cikinsa akwai wani labarin Ingila mai mujalladi uku, bugun London na shekara ɗari da talatin da suka wuce, ba a kuma sake buga shi ba tun daga nan. Ba tsufansa ne abin alfaharin ba. A wancan zamani ana ninke babbar takarda ne a ɗinke ta haka nan, mai karatu ke bin ninkin yana tsagawa kafin shafi ya buɗu. Na Saya ba a taɓa tsaga shi ba. Ya ƙetare teku, ya tsira daga yaƙi da gara da ambaliya, ba wanda ya taɓa karanta shi. Shekara arba'in yana hannun Saya, kuma sau ɗaya a shekara yake fito da shi.

Ran nan da ya ɗauko mujalladi na ɗaya, sai littafin ya buɗe da kansa a hannunsa. An tsaga ninkin, daga farko har shafi na arba'in da takwas.

Saya bai yi ihu ba. Zama ya yi a ƙasa, littafin a cinyarsa, yana kallon baƙinsa uku: Dakta Htin Paw, abokin hamayyarsa a tara littattafai, Ko Aung Bala, dillalin da ke sayar wa baƙi 'yan ƙasar waje, da U Esuf, mai ɗinkin littattafai. A wurinmu U da Ko laƙabi ne da ake sa wa maza a gaban suna, Daw kuma na mata.

Kafin yamma duk layinmu na masu sayar da littattafai a titin Pansodan ya ji, kuma layin ya yanke hukunci. Tsagar ta fita tas, babu karkata ko ɗaya, wato aikin wanda ya saba ne. Kuma U Esuf kaɗai ke shiga ɗakin kowane wata don canja ganyen darbejiyar da ake zubawa a kabad saboda ƙwari. Washegari mutane suka fara zuwa rumfarsa suna karɓe littattafansu, wasu ma zare na reto a jikinsu. Shekara talatin da takwas yana ɗinki a kusurwar layin nan. A sana'ar da ake miƙa wa mutum abu mai daraja a juya baya, wanda aka daina yarda da shi ya gama.

*

Saya da kansa ya aika a kira U Thet Shay.

U Thet Shay a aji huɗu ya bar makaranta. Turancinsa ya tsince shi ne daga tsofaffin takardun da ya yi shekaru yana saye a kan sikeli. Idan littafi ya ɓace a birnin nan, shi ake nema. Yakan bi shi daga hannu zuwa hannu har ya tarar da shi a ƙarƙashin gadon wani. Ba ya yawan magana, kuma ba ya farin ciki idan ya gano ɓarawo. Ya taɓa ce mini rabin mutanen da ya kama ya fi tausayinsu a kan waɗanda suka aike shi.

Ya hau benen Saya da safe. Ya tarar da tsohon a zaune tsaf, rigarsa a goge, idonsa jawur.

"Saya, wa ke riƙe da makullin kabad ɗin?"

"Ni. Yana ɗaure a ƙuguna. Nakan ba Ko Esuf ranar da zai canja ganye, ya dawo mini da shi."

"Kana tsaye a kansa in yana aiki?"

"Mutumin da ya ɗinke mini littafi ɗari uku zan tsaya a kansa?" Saya ya shafa makullin. "Da ma na tsaya."

"Zan iya riƙe littafin?"

"A'a. Hannaye sun ishe shi."

"Me ke cikinsa ne, Saya? Labarin me?"

"Ban sani ba. Ban taɓa nema in sani ba. Kai ba za ka gane ba, Ko Thet Shay. Komai na duniyar nan an taɓa shi, an lasa, an tauna. Wannan kaɗai ya rage yadda aka yi shi. Ka nemo mini wanda ya yi, in dube shi ido da ido."

Daw Pyone ta ajiye shayi ta koma kicin.

*

Dakta Htin Paw ya karɓi U Thet Shay a shagon magani, tsakanin mai tari da mai ciwon baya.

"Ni kake zargi? Zauna, zauna. Shekara ashirin ina jiran tsohon nan ya mutu matarsa ta sayar mini da littafin. Kowa ya sani, shi ma ya sani. Duk haɗuwarmu sai ya tambaye ni hawan jinina, yana lissafin wa zai riga wani. To in lalata abin da nake jiran gado?"

"Mutum yakan lalata abin da ya fid da ran samu."

"Ni ban fid da rai ba, na fi shi lafiya." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Kai ka tabbata ma littafin ne? A ce wani ya samo kwafin da aka riga aka tsaga, ya ajiye masa, ya ɗauke na ainihi ya tura Singapore. Wa ka sani da ke da masu saye a Singapore?"

U Thet Shay ya miƙe.

"Yaushe rabonka da gidan kafin ranar shan iska?"

"Na je sau biyu da bazara, da yamma. Daw Pyone ta tare ni a ƙofa, wai yana hutawa. Tsufa ne. Ni ba na hutawa."

*

Ko Aung Bala yana tauna kun, ganyen da ake taunawa a nan kamar goro, a bakin shagonsa, bakinsa ja kamar ya sha jini. Da ya ji maganar musanya sai da ya tofar kafin ya samu damar dariya.

"U Thet Shay, dube ni da kyau. Da ina da kwafin littafin nan, ko da tsagagge ne, ko da ɓera ya ci rabinsa, kana ganin za ka same ni a nan ina korar ƙuda? Likitan nan ne ya turo ka, ko? Ka ce masa ya fara gano ciwon marasa lafiyarsa kafin ya shiga gano ɓarayi."

"To wa kake gani?"

Dillalin ya ɗaga kafaɗa, ya nuna kusurwa da haɓa. "Ni ban ce komai ba. Amma wanda ya yi shekara talatin yana shafa kayan wasu, wata rana hannunsa zai yi ƙaiƙayi."

*

A kusurwa U Esuf yana zaune gaban tebur wanda babu komai a kai sai kwanon manne da guntun ƙashin da yake lanƙwasa takarda da shi. Yana goge ƙashin da gefen zaninsa, ko da yake babu datti a jiki.

"Ko Esuf, an ce kai ne."

"Na ji."

"Kai ne?"

"Ba ni ba ne."

"To ka taimake ni. Kana shiga ɗakin kowane wata. Ba ka ga komai ba?"

U Esuf ya kalli titi. "Ka sha shayi? Bari in aika a kawo."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Mutane na kwashe kayansu. Nan da wata guda ko haya ba za ka iya ba."

"Saya ne ya fara ba ni aiki, lokacin da mutanen layin nan ba sa ko amsa gaisuwata. Ya miƙo mini littafi ya ce, gyara. Bai tambayi sunan ubana ba." Ya ajiye ƙashin. "Na ce maka ba ni ba ne. Iyakar abin da ke bakina ke nan, Ko Thet Shay."

U Thet Shay ya sha ganin masu laifi suna shiru. Shirunsu yakan zo da gumi da waige-waige. Wannan shirun daban ne, na mutumin da ya zauna a kan wani abu don kada a gani.

*

Ya koma wurin Saya washegari wajen sha ɗaya, ya gaya masa zancen musanya. Wannan kaɗai ya sa tsohon ya yarda ya miƙo littafin.

Zancen bai ɗauki minti ɗaya ba ya mutu. Akwai wani tsohon ramin ƙwaro da ya ratsa bangon mujalladi na ɗaya ya shiga na biyu. U Thet Shay ya jera su, ya zura tsinken tsintsiya, ya wuce sumul. Littafin Saya ne, ba a canja shi ba.

Amma da ya riƙe shi a hannu sai ya ji wani abu. Shafukan da ba a tsaga ba suna nan da ƙarfinsu, kamar jiya aka buga. Arba'in da takwas ɗin farko kuwa sun yi laushi kamar tsohon zane. Kusurwar kowanne ta ƙasa ta ɗan yi duhu, ta lanƙwashe, wuri guda daidai, inda babban yatsa ke sauka. Ya ɗaga littafin wajen taga. Ya taɓa ganin irin wannan laushin a littattafan makaranta da aka yi shekaru ana koyarwa da su. Ba karatu ɗaya ke yin haka ba, ba goma ba.

"Ka ga wani abu?" in ji Saya.

"Tukuna."

Daw Pyone ta leƙo. "Sha biyu ta kusa. Saya zai ci abinci, bayan nan ba ya ganin baƙi."

U Thet Shay ya sauka ya zauna a shagon shayin da ke kallon gidan, ya yi ta juya abin. Maƙiyi zai tsaga duka uku a rabin awa ya tafi, ba zai zauna karatu ba. Mai son sani zai karanta ya ci gaba, don ba a barin labari a tsakiya. To wane irin mutum ne zai karanta shafi arba'in da takwas, ya dawo gobe ya sake su daga farko, ya dawo jibi, wata da watanni, bai taɓa wuce wurin ba?

Da amsar ta zo masa, shayinsa ya riga ya huce. Ya so a ce ba ta zo ba.

Ƙarfe uku ya sake hawa benen. Daw Pyone ta buɗe ƙofa kaɗan, ta tsaya a bakinta.

"Yana hutawa."

Daga ciki murya na fitowa, mai ƙarfi, a natse, ana karanta Turanci kalma-kalma. Sai muryar ta tsaya ta ce da yarenmu, "Maung Tin, na ga bakinka na motsi. In abinci ne ka kawo wa ajin duka." Aka ɗan yi shiru kamar ana jiran yara su gama dariya, karatun ya ci gaba.

Daw Pyone ta fito ta ja ƙofar, ta zauna a kan matattakala. Shi ma ya zauna, mataki biyu ƙasa da ita.

"Tun yaushe, Daw Pyone?"

"Tun bazara. Da safe ƙalau yake, kai ma ka gani. In ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa, sai ya tashi yana neman alli. Ranar farko ina kicin, ban san ya buɗe kabad ɗin ba. Da na shigo ya riga ya tsaga, da katin asibiti. Yakan yi awa ɗaya, ya ce an buga ƙararrawa, ya mayar ya kulle. Da yamma ba ya tuna komai."

"Ko Esuf ya sani."

"Ya taɓa zuwa da yamma. Saya ya tsai da shi a ƙofa wai ya makara zuwa aji." Ta goge ido da bayan hannu. "Na yi niyyar ɓoye littafin kafin ranar shan iska, na kasa raba shi da makullin. Da ya zauna a ƙasa ran nan, bakina ya ƙi buɗuwa. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da ɗa. Kansa kawai yake da shi. Da shi ya ci, da shi aka girmama shi. In ce masa a gaban likita wannan ma ya tafi?"

"Rumfar Ko Esuf babu kowa."

"Na sani. Kana tsammani ina barci?"

"Ran Lahadi da safe zan tara su. Ba zan bar shi da laifin ba. Wannan kam ba zan iya ba."

"Sauran fa?"

U Thet Shay ya miƙe ya sauka benen. Ya ce mini kwana uku ya yi yana auna mutum biyu a ransa, kowane ya ɗora sai ɗayan ya fi nauyi.

*

Ran Lahadi suka hallara a ɗakin littattafan. U Esuf ya zauna kusa da ƙofa, nesa da kowa. Mujalladan uku na kan tebur.

U Thet Shay ya fara da likita, ya sallame shi. Ya nuna ramin ƙwaron, ya sallami dillali, wanda ya ce, "Dakta, sai a nemi wani ciwon." Sannan ya buɗe littafin ya nuna musu kusurwoyin da suka yi laushi.

"An karanta shafukan nan fiye da sau ɗari. Ko Esuf sau ɗaya yake zuwa a wata, kuma Turancinsa bai wuce karanta bango ba. Ba shi ba ne. Ku gaya wa layi ni na ce."

"To wane ne?" in ji Saya.

U Thet Shay ya dubi ƙasa.

"Ni ce," in ji Daw Pyone daga bakin kicin. "Na ɗauki makullin kana barci don in goge ƙura. Na ga takardu a manne, na ɗauka danshi ne ya haɗe su, na raba. Tsoro ya hana ni faɗa."

Ko Aung Bala ya saki numfashi. Dakta ya fara murmushi, irin na wanda ya samu labarin da zai ba da shekara guda. Da an tashi a nan, da layin ya karɓa.

Saya ya juya ga matarsa.

"Pyone, ke ce kika mari hannun ƙanwarki a kan kabad ɗin nan. Kuma goge ƙura ba ya sa kusurwa ta yi baƙi."

Ya jawo littafin. Ya riƙe shi a hannun hagu yadda malamai ke yi don dama ta samu riƙe alli, babban yatsansa ya sauka a kan duhun nan daidai. Ya kalli yatsan. Ya buɗe shafin farko ya karanta layi ɗaya a bayyane, a hankali, kamar mai taka gadar da bai yarda da ita ba. Sai ya ɗaga kai daga takardar. Layi na biyu ya fito daga bakinsa, da na uku, da na huɗu, idonsa na kan bango. Ya kai ƙarshen sakin layin kafin ya iya tsai da kansa.

Ba wanda ya motsa. Murmushin likita ya ɓace, don shi ya fara ganewa.

"Tun yaushe?" in ji Saya.

"Tun bazara."

"Kullum?"

"Kullum, bayan abinci."

"Ina yin wani abin kunya?"

"Kana koyarwa ne kawai, Ko Nyan. Kana koyarwa da kyau."

Ya gyaɗa kai. Ya rufe littafin, ya dafa tebur ya miƙe, ya gyara ɗaurin zaninsa. Ya tattara mujalladan uku ya taka har bakin ƙofa inda U Esuf yake.

"Ka sani, kuma ka bar ni na ɓata maka suna."

"Saya, suna yana dawowa."

"Ba kullum ba. Ka yafe mini." Ya ɗora masa littattafan a hannu. "Ka tsaga mini sauran. Duka ukun. Ba a nan ba, a teburinka, a bakin titi, inda kowa zai ga wa na ba."

"U Nyan Wa, ka dakata," in ji likita. "Na biyu da na uku lafiyarsu ƙalau. Kada ka yanke shawara yau."

"Dakta, safiya nawa ta rage mini irin wannan?"

Dakta Htin Paw ya buɗe baki, ya rufe.

"To ka gani."

*

Litinin da hantsi duk muka bar rumfunanmu muka tsaya a kusurwa. U Esuf ya wanke hannu sau biyu, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya zura ƙashinsa a ninkin farko. Ƙarar ba ta fi ta numfashi ba, amma kowa ya ji ta. Wasu daga cikin waɗanda suka kwashe littattafansu suna tsaye da su a hammata, suna jiran ya gama, ba mai iya haɗa ido da shi. U Thet Shay bai zo ba.

Saya na zaune a kan ɗan benci. Da aka gama na ɗaya ya karɓa, ya wuce shafukan da suka yi laushi bai dube su ba, ya fara daga na arba'in da tara. Yana karatu da sauri, leɓɓansa na motsi, motoci na wucewa ta bayansa. Sau ɗaya ya yi dariya shi kaɗai.

Daw Pyone na tsaye a gefensa da lema, tana duba agogon hannunta. Sha biyu saura kwata ta dafa kafaɗarsa.

"Ko Nyan, mu je gida."

"Lokaci ya yi?"

"Ya kusa."

Bai ɗago ba. "Bari in kai ƙarshen shafin nan."